Hannun da Jatau Ya Ɗaure

A unguwar Sabo ta Ibadan, a shekarun da manyan motoci suka fara jigilar goro daga Shagamu, an yi wani mutum ana ce masa Jatau. Sana'arsa ɗaurin huhun goro, kuma gwani ne, fatake har jiran hannunsa suke yi. Aibinsa ɗaya, amma babba: ba ya iya ganin alheri a hannun wani ya yi barci. Ko sabuwar hula ka saka, sai ya tambaye ka wa ya ba ka aro.

Wata rana shi da abokin aikinsa Manniru suna dawowa daga sayen goro, motar da suke ciki ta kauce hanya ta kife a rami. Manniru ya karye a cinya. Jatau kuwa ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ko ƙwarzane bai yi ba.

Ashe mai motar ya yi mata inshora a wani kamfanin Turawa da ke Ikko. Bayan kwana uku sai ga akawun kamfanin, wani Bayarabe mai keke, ya zo yana rubuta sunayen waɗanda suka ji ciwo, ya ce za a biya su diyya. Kan ka ce kwabo labari ya gama Sabo. Masu dubiya suka yi ta tururuwa wajen Manniru, wannan da fura, wancan da farfesu, kowa na cewa fam kaza za a ba shi.

Wayyo Jatau! Abinci ma ya daina wuce masa. Ya ce wa matarsa Tabawa, "Ki duba fa, mota ɗaya muka faɗi, rami ɗaya. Shi ya tashi da arziki, ni na tashi da ƙura a riga. Wannan adalci ne?"

Ta ce, "Haba Malam, kai da ya kamata ka yi sadaka? Mutum na kwance yana ihu, kai kana kishin karaya?"

Bai ji ba. Ya je wajen maɗori wai ya karye a hannu, maɗori ya lallatsa hannun ya ce, "Ni karaya nake ɗorawa, ba ƙarya ba." Sai ya dawo gida ya samo karare da igiya, ya zaɓi hannun dama don ya ji an ce ya fi tsada, ya tamke shi tun daga yatsu har gwiwar hannu, tamau yadda ya saba yi wa huhu, ya rataye a wuya. Ya fita yana nishi, yana cewa ciwon ne ya shige ciki, sai yanzu ya fito.

Akawu ya rubuta sunansa, ya ce sai likitan kamfani ya zo daga Ikko ya duba. Jatau ya ɗauka maganar mako guda ce. Ina! Duk ranar da ya je ofishin kamfanin na Ibadan, sai akawu ya ɗaga kai ya ce, "Kam tumoro," wato ka dawo gobe. Yau a ce takarda ba ta iso ba, gobe a ce a kawo shaidu biyu, jibi a ce Bature ya tafi hutu. Ga gidajen Sabo a cushe, ka yi tari maƙwabci ya ce maka sannu, kuma akawun kan faɗo unguwa ba sallama. Saboda haka ko a ɗaka bai yarda ya kwance ba.

Hannun ya yi zugi, ya kumbura, daga baya ya yi shiru. Tabawa ta ce, "Don Allah Malam ka kwance, yatsunka fa sun canza kama."

Ya ce, "In kwance Manniru ya ci shi kaɗai? Ko zai ruɓe ne sai na ga ƙarshen abin nan."

A wata na uku aka biya Manniru, domin shi tun ranar hatsarin yana da takardar asibiti. Jatau ya je wai yi masa murna, zuciyarsa na tafasa. Manniru ya nuna masa ƙafar da ta gajarce, ya ce, "Jatau, abin da suka ba ni bai kai cinikin kaka ɗaya ba. Wallahi da za su karɓa su mayar mini da tafiyata, har ƙari zan yi musu." Jatau ya fito yana cewa a ransa, ji maƙaryaci, ɓoyewa yake kar a roƙe shi.

Sai da aka shiga wata na biyar likita ya zo. Ya sa almakashi ya yanke igiyar, ya bi ƙashin da yatsa daga sama har ƙasa, ya yi magana da Turanci. Akawu ya fassara: "Ya ce ƙashin nan bai taɓa karyewa ba. Ba ka da ko anini. Tashi ka tafi, ka gode ba a kira maka ɗan sanda ba."

Kunya ta rufe Jatau. Ya kai hannu zai ɗauki hularsa a kan tebur, hannun bai tafi ba. Ya tsotse ya zama siriri, yatsun sun lanƙwashe sun manne da tafi.

Akawu ya ce, "Kai, wasa ya ƙare, buɗe hannunka mana."

Jatau ya dube shi, hawaye na zuba, ya ce, "Wallahi buɗewa nake yi."

An yi gashi, an yi shafe-shafe, an sha rubutu, yatsun nan ba su sake miƙewa ba. Jatau bai ƙara ɗaure huhu ba har ya bar duniya.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, hassada makanta ce, har takan sa mutum ya ga masifar ɗan'uwansa ya ɗauka ni'ima ce. Allah ya fitar da Jatau daga rami da lafiyarsa, kyautar da babu kamfanin da zai iya biya, amma idonsa na kan rabon wani, garin neman gira ya rasa ido. Idan ka sami kanka cikin hatsari, ka nemi haƙƙinka da gaskiya, ka yi haƙuri da jan ƙafar masu biya. Idan kuwa ka fita lafiya, ka yi godiya, ka je ka duba wanda bai fita ba.