Sekuru Zvidzai da Danginsa Masu Wutsiya

Akwai wani dattijo a unguwarmu ta gindin dutse, nan Mutare, ana ce da shi Sekuru Zvidzai, wato Kaka Zvidzai a yarenmu. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran injin jirgin ƙasa, kuma in ka zauna da shi minti biyar sai ya gaya maka hakan. Mutumin kirki ne, amma fa akwai taurin kai. In ya ce ga yadda za a yi, to ka adana yawunka.

Matarsa, Mbuya Ruvimbo, ta gamu da shanyewar ɓarin jiki bara waccan. Ƙafa ta ƙi, harshe ya yi nauyi, sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Abu ɗaya ne ke sa ta murmushi, shi ne tsuntsaye.

Don haka Sekuru ya kafa mata sanda a bayan gida, daidai tagar ɗakinta, ya ɗora faffaɗan katako a kai. Kullum da safe ya zuba gero, ya ƙara da yankan gwanda da ragowar tuwon masarar jiya. Sai ya turo ta a kekenta, ya haɗa shayi, su zauna. Kurciyoyi su sauko, gwarare su yi ta faɗa, ga wasu 'yan jajayen tsuntsaye da ta fi so. Takan ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna su, wani lokaci har kalma ɗaya ta fito.

'Yarsu Chengetai tana Harare. Duk Lahadi in ta bugo waya sai ta ce, "Baba, in kun gaji ku faɗa, in zo in ɗauki Mama."

Shi kuma ya ce, "Shekara arba'in da shida muna shan shayi tare, yanzu ne zan gaji?"

Ana nan, rani ya yi tsanani, sai birai suka sauko daga dutse. Su biyar ne. Kafin Sekuru ya ajiye kofi sun wawushe katakon tas, tsuntsaye sun watse.

Maƙwabcinsa Baba Tongai, mai lambun ganye, ya leƙo ta kan katanga yana dariya. "Soko, na ga dangi sun zo. Taron gida kuke yi ba a gayyace mu ba?"

Sekuru dai Soko ne, wato biri ne kan gidansu, dabbar da zuriyarsu ke ɗauka a matsayin ɗan'uwa. Ba ya dukan biri, ba ya jifansa, da sunan ma ake gaishe shi. Baba Tongai kuwa Shumba ne, na gidan zaki, kuma a ƙauye ya tashi yana tsaron gonar masara.

Ya ce, "Ka ji shawarata. Ka kwashe komai daga kan katakon nan, sati uku kada ka zuba ko ƙwaya. In suka zo suka rasa, za su canza hanya."

Sekuru ya dube shi sheƙeƙe. "Shumba, ni da nake kwance injin jirgi in mayar, biri ne zai gagare ni? Je ka ji da kabejinka."

Ya shafe sandar da giris. Biran ko kallonta ba su yi ba, ta reshen mangwaro suka diro. Ya sayo macijin roba ya nannaɗe a katakon. Rana ɗaya suka ji tsoro, washegari wani ƙaramin biri ya rataya shi a wuya yana yawo da shi a kan rufi.

A nan ne Sekuru ya yi tunani irin na Soko. Ya ce a ransa, ai ɗan'uwa in ya zo da yunwa ba korarsa ake yi ba, kwanonsa ake ba shi daban. Sai ya ɗauko babbar roba, ya cika ta da ayaba da fiya, ya kai can ƙarshen gida ya ajiye musu.

Abin mamaki, kwana biyu dabarar ta ci. Birai na can suna cin nasu, tsuntsaye na nan suna cin nasu. Sekuru ya tsaya jikin katanga yana ƙwala kira, "Shumba, zo ka ga yadda ake zaman lafiya da dangi."

Baba Tongai ya leƙa, ya girgiza kai. "Ka aika wa dutse takardar gayyata ke nan."

Kafin sati ya zagayo sun kai talatin, har da masu goyo. Su cinye robar, su cinye katakon, su tsallaka su kwashe tumatirin Baba Tongai. Tun da asuba suna kan rufi suna tsalle kamar ana sauke buhuna. Tsuntsu ko ɗaya bai ƙara sauka a gidan ba.

Mbuya ta daina nuna komai. In ya turo ta bakin taga, sai ta juya fuska bango. Shayin ma sai ya huce a gabanta.

Ran Lahadi Chengetai ta gan ta a waya, ta ce, "Baba, Mama ta rame. Ƙarshen wata zan zo da mota. Wannan karon ba shawara nake nema ba."

Sekuru ya ajiye wayar. Ya dubi kujerar da yake zama kusa da kekenta, ya ji tsoro ya kama shi, tsoron shan shayi shi kaɗai. Bai tsaya yi wa Baba Tongai magana ta kan katanga ba. Ya zagaya ta ƙofa, ya cire hula, ya russuna yana tafa hannu a hankali yadda ake yi wa manya.

"Shumba, na zo. Injin ya gagare ni."

Baba Tongai bai yi masa dariya ba. Ya ce, "Zauna, Soko. Maganar dai ita ce ta farko. Sati uku, babu gero, babu ayaba, kwandon shara ma a rufe. Za su yi maka kallon tausayi, kada ka kula."

"Sati uku babu tsuntsu? Ita fa?"

"Yanzu ma akwai tsuntsun ne?"

Kwana ashirin da bakwai suka rage kafin zuwan Chengetai. Sekuru ya koma ya wanke katakon, ya kife robar, ya sare reshen mangwaron.

Wayyo, satin farko ya ji jiki. Wani babban biri ya zo ya zauna a bakin taga, ya tallafe haɓa yana kallonsa kamar kawun da aka hana abinci a gidan biki. Sau biyu Sekuru yana ɗaukar ayaba yana mayarwa.

Da ya rasa abin da zai nuna wa Mbuya, sai ya fara yi mata kukan tsuntsaye da kansa. Muryar tsohon makaniki ce, kurciyarsa ta fi kama da akuya mai mura. Ta yi ta kallonsa kamar wanda ya taɓu. A rana ta tara kafaɗarta ta fara rawa, ashe dariya take yi. Ranar ta shanye shayinta.

Birai suka koma goma, suka koma uku. A sati na uku sai dai a hango su suna wucewa ta bakin kwari.

Sannan maƙwabtan biyu suka haɗa hannu. Sekuru ya ƙera keji na waya mai ƙananan ramuka, wanda tsuntsu zai shiga amma hannun biri ba zai kai tsakiya ba. Baba Tongai ya kafa doka: gero tafi ɗaya, da safe kawai, lokacin da suke zaune. Babu gwanda, babu tuwo. Abin da ya rage a share, a bar kwanon ruwa.

Rana ta farko babu wanda ya zo. Ta biyu kurciya ɗaya ta leƙa ta tafi.

Safiyar Asabar Chengetai ta iso, ta shigo da akwati babu komai a ciki don kwashe kayan uwarta. Ta same su a bakin taga. Jajayen tsuntsayen nan sun cika kejin, Mbuya ta ɗaga hannu tana ƙirga su.

Sai ga babban birin a kan katanga. Ya dubi kejin, ya dubi Sekuru, ya sosa ciki.

Mbuya ta buɗe baki a hankali, kalma na bin kalma. "Soko... ga kawunka. Kada... ka ba shi... komai."

Rabon da ta yi magana mai tsawon haka tun kafin ciwon. Baba Tongai da ke bayan katanga ya fashe da dariya, birin ya dire ya kama gabansa. Sekuru ya juya kai wai yana gyara labule, amma kowa ya ga yana share ido.

Chengetai ta daɗe a tsaye. Daga nan ta tura akwatin ƙarƙashin gado da ƙafa, ta jawo kujera ta ce, "Baba, akwai sauran shayi?"

Darasi: Ba kowace kyauta ce alheri ba. Wani lokaci tausayin gaskiya shi ne ka rufe hannunka, ka jure kallon da za a yi maka, don ka kare wanda ya fi buƙatarka. Kuma komai iliminka, kada ka raina shawarar wanda ya san abin tun yana yaro. In kana da wani Sekuru mai taurin kai a gidanku, tura masa wannan labarin, ka kuma raba shi don wasu su amfana.