Sarkin da Ya Hana Kashe Kyarkeci

An taɓa yin wani sarki a nan ƙasarmu ta Portugal, ba zan kama sunansa ba. Ba abin da yake so a duniya kamar farauta. Ya killace dajin da ke bayan ƙauyuka, ya ce duk dabbar da ke ciki tasa ce. Aka bi gida gida aka karɓe mashin kowane manomi. Wanda ya kashe kyarkeci, a yanke masa hannu.

Kyarketai suka yawaita. Da tumaki suka fara, sannan suka koma kan yara. Mata suka tafi fada a ƙafa, wata na rungume da rigar 'yarta, duk jini.

"Ranka ya daɗe, ko mashi ɗaya ne a bar wa kowane ƙauye!"

Sarki na ba shahonsa nama, bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ku da kuke haihuwa duk shekara? Ku riƙa ɗaukar abinku mana."

Ya 'yan uwa, ni uwa ce, 'ya'yana biyu ne. Wace mace za ta wuni tana aikin gona da ɗan shekara uku a hannu?

Kun dai san 'ya'yan manya a ƙauye ake rainonsu. Ɗan sarkin nan tilo yana hannun Elvira, matar wani manomi mai suna Soeiro. Ranar tsinkar inabi, da rana tsaka, ta zaunar da yaron a inuwar zaitun. Sai ga kyarkeci.

"Soeiro! Wayyo, yaron!"

Ya rugo da sanda, don ita kaɗai aka bar masa. Ya yi ta duka har ta karye. Kyarkeci ya shige daji da yaron.

Sarki ya iso ya ci kwalar Soeiro. "Wane irin namiji ne kai? Ina mashinka?"

"Yana wurinka, ranka ya daɗe."

Tun ranar hankalin sarki bai dawo ba. Ya bar fada ya shiga dajin yana kiran sunan yaron, har manyan ƙasa suka naɗa wani sarkin. Masu itace suka tsinci gawar tsohon sarkin.

To me ya rage masa? Kar ku ce ai wannan sarki ne. Duk ranar da kukan ɗan wani ya zame miki hayaniya, 'yar uwa, kin kama hanyarsa. Ki tashi ki duba, ko da tukunya na kan wuta.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya kiyaye mu da bushewar zuciya. Amin.