Alhaji Ɗantsoho da Takardar Farautar Ragon Dutse

Akwai wani tsohon maharbi ɗan Ningi, ana ce masa Alhaji Ɗantsoho, wanda ya kai matarsa Indo birnin Alƙahira a shekarar 2014 don a yi mata aikin gwiwa. Suka kama ɗaki a unguwar Hayyus Sabi'i, hawa na uku. Likita ya sa musu rana nan da kwana goma sha biyu, ya kuma ja musu kunne cewa a zo da fasfon mara lafiya, don ba sa kwantar da baƙo sai da shi.

Indo ta naɗe nata cikin lalita ta ɗaure a ƙugu.

Wanda ya saba da daji, zaman ɗaki cinsa yake yi. Kullum bayan la'asar Alhaji ya sauka wurin mai shayin ƙofar gida, ya tara ɗalibai 'yan Najeriya yana ba su labarin ɓaunayen da ya kayar. A nan ya haɗu da wani Amjad, mutum mai farar riga da ƙamshin turare, mai jin Hausa irin ta Sudan. Kwana uku da haɗuwarsu sai ga Alhaji ya hawo da shi sama.

"Hajiya, kawo fasfonki," in ji Alhaji tun bai zauna ba. "Wannan bawan Allah zai ciro mini takardar izinin farautar ragon dutse. Ƙaho ne da shi kamar baka. Duk Ningi babu wanda ya taɓa ganinsa."

"Ni ce zan harbe shi?"

Amjad ya yi murmushi. "A'a, Hajiya. Baƙo ba kamar ɗan ƙasa ba ne, sai an haɗa fasfonsa da na iyalinsa a matsayin jingina. Kwana biyar, khalas, shi ke nan, na dawo muku da su. Ragon kuwa yana nan na ware wa Alhaji. Mu fita da safe, la'asar muna gida da nama."

Indo ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Shekara talatin da ɗaya tana auren maharbi, ba ta taɓa ɗora tukunya kafin ya dawo ba. Maharban da ta sani, in za su fita, ko sunan dabbar ba sa kamawa a cikin gida, sai dai su ce za su je su gaishe da daji. Ga wani yau yana yi wa nama alkawari har da lokacin isowa. Ta kalli hannunsa, laushi kamar na jariri, ko sartse bai taɓa shiga ba.

"Sannu da ƙoƙari," ta ce. "Fasfona yana jinya tare da ni. In ya warke ma yi magana."

Da baƙo ya tafi Alhaji ya hau faɗa.

"Kin kunyata ni gaban mutum. Ke kowa ɓarawo ne a wurinki."

"Ba kowa ba, Alhaji. Shi dai."

"Me kika sani game da farauta?"

"Na san wankin rigar da aka dawo da ita babu komai. Ta fi mai jini yawa."

Washegari da hantsi ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarta Bakhita ƙofa, wata Bahaushiyar Sudan da ta shekara tara a garin tana sayar da turaren wuta. Bakhita ta saurara har ƙarshe, ta jawo mayafi.

"Yalla, Yaya, mu je a gaya mana da baki. Amma gwiwar nan fa?"

"Ita ce ma ta aike ni."

Indo ta sauko matakalar nan da ɗaiɗai tana cije leɓe. Suka shiga ƙaramar bas, suka sauka, suka sake shiga wata, suna tambaya har suka kai ofishin da ke kula da namun daji. Ma'aikaciyar da suka tarar ta sa Bakhita ta maimaita tambayar sau biyu, sannan ta ajiye biro.

Bakhita ta juyo ta fassara. "Ta ce dabbar nan ta kusa ƙarewa, an hana taɓa ta. Ɗan ƙasa ma ba a ba shi, balle baƙon da ya shigo da bizar asibiti. Ta ce kuma babu takardar da ake karɓar fasfon matar mutum a kanta."

Suka dawo bayan azahar. Indo ta zayyana wa mijinta komai. Ya kaɗa ƙafa, ya ƙi haɗa ido da ita.

"Haka ma'aikata ke gaya wa wanda bai san kowa ba. Amjad ta sama yake bi."

"Ina naka fasfon?"

Ya kau da kai gefe.

"Alhaji, ina naka?"

"Na ba shi da safe. Saura naki, ya ce kafin Juma'a."

Indo ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa masa wayarsa. "Kira shi. Ka ce na yarda. Gobe ya zo mu tafi ofishin tare, in damƙa masa a gaban teburin matar nan."

Alhaji ya kira, har da fara'arsa, don yana ganin ya ci nasara. Daga can aka ce, "Tamam, tamam, gobe da safe."

Gobe ta yi, waya a kashe. Jibi ma haka. Mai shayi ya ce shi bai san gidansa ba, ɗalibai suka ce ai sun ɗauka ɗan'uwan Alhaji ne.

Ranar da likita ya sa, Indo ta kwance lalita ta miƙa fasfonta, aka yi aiki lafiya. Bakhita ce ta yi jinyarta, don maigidan yana can yana zarya tsakanin 'yan sanda da ofishin jakadanci, ana ce masa ya kawo shaida, ya dawo mako mai zuwa.

Ranar tafiya ta zo takardar da za ta maye gurbin fasfonsa ba ta fito ba. Ya rako ta filin jirgi yana jan akwatinta, ita kuwa tana takawa da sanda a hankali.

"Hajiya," ya ce ƙasa-ƙasa, "in mutanen gida suka tambaye ni, me za ki ce?"

"Zan ce an yi farauta a Masar. Wanda aka kama kuwa, in ka iso ka gaya musu da bakinka."

Sai da ya ƙara mako shida kafin ya ga Ningi.

Darasi: Duk wanda ya yi maka alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba, abin da ke hannunka yake so. In kana baƙo a ƙasar mutane, taka da ƙafarka ka je ofis ka tambaya, kada girman kai ya sa ka raina mai ce maka tsaya. Ku tura wa 'yan'uwanku, musamman masu shirin tafiya waje.