Birkin da Ke Gefen Baba

Akwai wani mutum da sana'arsa ita ce koya wa mutane tuƙin mota. Ya haura shekara ashirin yana wannan aiki da wata tsohuwar farar mota ƙarama. 'Yan unguwa suna kiransa Malam Sannu-Sannu, domin ko gaisawa kuka yi sai kalmar nan ta fito daga bakinsa.

Ga wanda bai taɓa shiga motar koyo ba, bari in yi masa bayani. Birki biyu gare ta. Ɗaya yana ƙarƙashin ƙafar mai koyo, ɗaya yana gefen da malami yake zama. Idan ɗalibi ya makara, sai malami ya taka nasa, mota ta rage gudu ko ta tsaya.

Malam yana da wata ƙa'ida da kowa ya san shi da ita. Duk lokacin da ya taka birkinsa, sai ya ƙwanƙwasa gaban motar sau biyu da zoben hannunsa, ya ce, "Ni na taka." Ba ya zagi, ba ya tsawa, amma ba ya barin ko sau ɗaya ya wuce bai faɗa ba. Kuma ba ya yarda ɗalibi ya je gwajin lasisi sai ya yi mako guda cur ba a ji ƙarar zoben nan ba.

Cikin ɗalibansa akwai wata mai ɗinki da ta haura shekara arba'in, wadda ta sayi mota tun kafin ta san ina ne giya ɗaya. Ita ta fi kowa shan zoben. Takan ce ko keken ɗinki take takawa, sai ta riƙa jin kamar yanzu za a ce mata, "Ni na taka."

Malam yana da 'ya'ya biyu, namiji babba da ƙanwarsa da kowa ke kira Auta. Da yaron ya cika shekara goma sha takwas, sai uban ya sa shi a gaban sitiyari.

Maganar gaskiya, yaron yana da hannu. Cikin kwana biyu ya iya canza giya ba tare da motar ta yi tari ba. Baya da baya kuwa, ko a lungu ne sai ya shige kamar an auna masa. Matsalarsa guda ce, yana makara wajen taka birki. Yana son sai ya matso daf da abin da ke gabansa sannan ya ɗaga ƙafa daga totur.

A rana ta uku, wani abokinsa ya biyo su ya zauna a baya. Sun doshi wata mararraba, motar da ke gabansu ta tsaya, yaron bai ko motsa ƙafa ba. Malam ya ɗan danna nasa birkin a hankali. Kafin yaron ya kai ƙafarsa, motar ta riga ta rage gudu, sai ya ƙarasa tsayar da ita lafiya lau.

"Kai, mutumina!" in ji abokin daga baya. "Kamar a cikin mota aka haife ka!"

Malam ya riga ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Ya dubi fuskar ɗansa, ya ga yadda ta cika da murna. Sai ya mayar da hannun ya sosa gemu.

Daga nan abin ya fara. Washegari ma haka, jibi ma haka. Ƙafar uban ta ƙware, tana taɓa birki kamar mai tsoron tashin jariri. Yaron bai taɓa ji ba.

Mai ɗinkin nan, da yake lokacinta yana bin na yaron, wani sa'in takan zauna a baya tana jiran a zo kanta. Wata rana bayan yaron ya sauka, sai ta dawo gaba ta gyara zama, ta ce, "Malam, zoben naka ya ɓace ne?"

"Me kika gani, Hajiya?"

"Sau uku na ga ƙafarka ta motsa. Ni ko numfashi na yi ba daidai ba sai ka ƙwanƙwasa. Shi kuwa shiru kake ji."

Malam ya yi 'yar dariya. "Yaro ne, ba na son in karya masa gwiwa. Zai gyara."

"To ai bai san akwai abin gyarawa ba," in ji ta, ta tayar da mota, motar ta yi tsalle ta mutu. Malam ya ce mata ta fara gyara nata kulocin tukuna, suka yi dariya, magana ta bi iska.

Ba a yi wata biyu ba yaron ya karɓi lasisi. Abokansa suka laƙaba masa suna Walƙiya, shi kuma ya amsa da hannu bibbiyu. Ba shi da mota, amma ba ya rasa ta aro, domin duk wanda aka bai wa mukullin motar gida sai ya miƙa masa don a ga gwaninta.

A bayan gari akwai wani sabon titi mai faɗi. Da yamma samari kan taru a can. Su cika mota, ɗaya ya ɗaga waya yana ɗaukar allurar gudu tana hawa, sauran suna ihu. Idan an dawo a sa a intanet, a yi ta turo alamar wuta da tafi. Kan Walƙiya ya kumbura har ya fi ƙarfin hularsa.

Yana da wata magana da ba ya gajiya da maimaitawa. "Ni fa tun da na fara koyo, Baba bai taɓa taka mini birki ba. Ku je ku tambayi duk wanda ya koya a wurinsa, ku ji ko akwai na biyuna."

Auta ce ta fara ganin hoton bidiyon a wayar wata 'yar ajinsu. Ta nuna wa mahaifiyarsu, mahaifiyar ta nuna wa Malam. Ta ce, "Ka yi masa magana. Kai yake ji."

Malam ya fita ya same shi a ƙofar gida tare da abokansa huɗu, sun jingina da wata jar mota.

"Wannan gudun da nake gani a waya, kai ne?"

"Ni ne, Baba. Ai hanyar babu kowa."

"Hanya ba ta zama babu kowa. Ka rage."

Yaron ya dubi abokansa ya yi murmushi. "Baba, kai ne shaidata. Don Allah faɗa musu, ka taɓa taka mini birki ko sau ɗaya?"

Jama'a, a nan ne ya kamata mutumin nan ya buɗe baki. Kalma uku ce, kuma ya faɗe ta ga ɗaruruwan mutane, har da waɗanda suka girme shi. Amma ya dubi samarin nan huɗu suna jira, ya dubi ɗansa.

Abin da ya iya cewa shi ne, "Ka dai rage gudu." Ya juya ya shiga gida, yana jin su suna tafawa.

Ya ce a ransa zai faɗa masa idan sun keɓe. Sun keɓe sau da yawa bayan nan, a tsakar gida, a wurin wanke mota, a hanyar kasuwa. Bai faɗa ba.

Ranar da Auta ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe a sakandare, motar koyo tana gareji ana canza mata kuloci. Walƙiya ya aro jar motar nan don ya ɗauko ƙanwarsa daga makaranta. Malam ya ce su tafi tare, a dawowa sai a sauke shi a gareji.

Rana tsaka suka ɗauko ta. Ta shiga baya da farar rigarta da abokan karatu suka cika da rubutun ban kwana. Bakinta bai yi shiru ba, tana ba su labarin tambayar da ta kusa kayar da ita, da yadda za ta yi kwana uku tana barci kada kowa ya tashe ta.

Da suka hau babban titi, yaron ya danna totur.

"Yaya, a hankali mana," in ji Auta. "Yau fa na gama, ba inda nake sauri."

"Sannu-sannu," in ji Malam.

"Haba Baba, ai ni ne."

Can gaba akwai wata tifa cike da yashi, ta kunna fitilar juyawa tana rage gudu za ta shiga kwana. A ɗaya hannun motoci suna tahowa a jere, babu damar wucewa.

Idon Malam ya auna tazarar, kamar yadda ya saba shekara ashirin. Ya san daidai wurin da ya kamata mota ta fara rage gudu. Da suka iso wurin, ƙafarsa ta dama ta danna ƙasa da kanta.

Babu komai a wurin sai shimfiɗar roba.

Ya sake takawa da dukkan ƙarfinsa, sannan ya tuna ba motarsa ba ce. Ya yi ihu, "Birki!"

Yaron ya taka, daidai inda ya saba takawa. Tayoyi suka yi ƙara, ya murɗe sitiyari don ya kauce, motar ta juya gefe ta daki bayan tifar da ɓangaren baya. Ɓangaren da Auta take zaune.

Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Shekararta goma sha shida.

Malam ya karye a haƙarƙari biyu. Walƙiya ya karye a cinya, aka kwantar da shi, bai ma samu ganin ƙanwarsa ba kafin a binne ta.

Bayan kwana huɗu uban ya shiga ɗakin da yake kwance, yana tafiya a sunkuye, ya zauna a kujerar da ke gefen gado. Mahaifiyar tana tsaye jikin taga, idonta ya kumbura.

Yaron ya ce, "Baba, birkin motar nan ne ba shi da kyau. Wallahi na taka a kan lokaci. Inda nake takawa kullum, nan na taka."

"An duba motar," in ji Malam. "Birkinta lafiyarsa ƙalau."

"To me ya faru?"

Malam ya daɗe yana juya zoben a yatsansa. "Inda kake takawa kullum, ba nan mota take fara tsayawa ba. Kafin ka taka, na riga na taka. Tun rana ta uku da ka fara koyo."

Yaron ya zuba masa ido. "Sau nawa?"

"Kusan kullum."

"Ranar da na tambaye ka a gaban abokaina fa?"

"Ban so in kunyata ka ba."

Yaron ya juya fuska ya kalli bango, ya fashe da kuka. Mahaifiyar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kai ka ji tausayin fuskarsa. Shi ya ji daɗin tafin abokansa. Ita fa da take zaune a baya, wa ya tuna da ita?"



Kada wani ya ce laifin uban ne kaɗai. Ba uban ne ya danna totur ba. An ce wa yaron ya rage, uwa ta faɗa, uba ya faɗa, ƙanwa ta faɗa da bakinta mintuna kaɗan kafin ta rasu, ya ce ai shi ne. Sauran samarin kuwa, da mako biyu suka wuce, sun koma sabon titinsu da wayoyinsu. Wannan ya fi komai ba ni haushi a labarin nan.

Walƙiya ya fito daga asibiti yana dogara sanda. Ya roƙi mutane su daina kiransa da sunan. Lasisinsa ya jefa shi cikin akwati, ko kujerar gaba ba ya yarda ya zauna. Malam ya koma aiki bayan wata huɗu, ya rame, maganarsa ta ƙara raguwa.

Sai da aka shekara, wata safiya Malam yana goge gilashin motar koyo, yaron ya fito ya tsaya a bayansa.

"Baba, ina son ka koya mini tuƙi."

Uban ya dube shi, ya miƙa masa mukulli.

Suka fita a hankali, giya biyu, kamar mai ɗinkin nan a makonta na farko. Suka doshi mararrabar da abin ya fara. Motar da ke gabansu ta tsaya. Duk da tsoron da ke ransa, ƙafar yaron ta sake makara, domin haka ta koya.

Malam ya taka nasa. Sannan ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa gaban motar sau biyu.

"Ni na taka," in ji shi.

Yaron ya gangara gefen hanya ya kashe motar. Ya ɗaga ido ya kalli madubi, ya ga kujerar baya babu kowa. Ya kifa kansa a kan sitiyari ya yi ta kuka, uban yana zaune a gefensa, ƙafarsa har yanzu tana kan birki.

Darasi: Saurayi, idan ka yi gudu ka tsira, ba gwaninta ba ce, sau da yawa wani ne ya kauce maka ko ya taka birki dominka ba ka sani ba, kuma akwai ranar da ba zai kasance a wurin ba. Duk wanda ya shiga motarka ya ba ka amanar ransa. Ku kuma iyaye da malamai, ku faɗa wa yaro kuskurensa tun yana da sauƙin gyara, ko da zai ji kunya, domin kunyar yini ɗaya ba ta kai zafin rashin rai ba. Ka tura wannan ga duk matashin da ka san yana riƙe da mukullin mota, da wanda ya ba shi mukullin.