Ɗamarar da Tela Ya Ɗinka wa Cikinsa

Tun da aka ƙera almakashi ba a taɓa ci wa ɗan Adam mutunci kamar yadda aka ci wa Tela ba. Haka yake faɗa har gobe. Mutumin da ya shekara talatin yana yankan yadi ba kuskure, a ce wai ma'aikaciyar asibiti ce za ta tsarge masa riga daga wuya har ƙasa, yankan ma a karkace, kuma a gaban matarsa!

Tela mutum ne mai son a ce ya yi kyau. Madubin shagonsa na masu gwada kaya ne, amma ya fi kowa daɗewa a gabansa. Furfura ya san maganinta, rini. Abin da ya gagare shi teɓa ce. Ran nan Mai Aski, maƙwabcin shagonsa, ya dube shi ya ce, "Tela, Allah ya sauke ka lafiya. Wata nawa ne?" Kowa ya yi dariya har da Tela, sai dai tasa iya haƙora ta tsaya.

A ranar ya janyo ragowar yadi mai kauri, ya ninka uku, ya bi shi da ɗinki layi-layi, ya jera masa ƙugiyoyi goma sha biyu. Ɗamara ta fito, faɗinta daga ƙasan haƙarƙari har ƙugu. Kullum da safe sai ya tura ƙofar shago, ya fitar da numfashinsa kaf, ya ɗaure. Da yamma ya kwance kafin ya koma gida.

Da rana matarsa takan kawo masa abinci. Ya ci ya ƙoshi a cikin ɗamara, ya duƙufa kan keken ɗinki. Ba a yi sati uku ba wuta ta kama masa a tsakiyar ƙirji. Ɗaci yana taso masa har maƙogwaro, numfashi kuma rabi-rabi. Tsoro ya shige shi, don mahaifinsa ciwon zuciya ne ya tafi da shi. Sau ɗaya ya zargi ɗamarar, sai ya ce a ransa, "Ita tana ciki, ciwo yana ƙirji. Ina ruwan biri da gada?"

Tunda dole a sami mai laifi, sai ya samo.

"Man da kike zambaɗawa ne," ya ce wa matarsa. "Ga yaji, ga yawan magana. Kin gama da zuciyata."

Baiwar Allah ta daina sa mai, ta daina sa yaji, ta kusa daina magana. Ta rame, idanunta kullum jajir. Ran da ta tarar da shi yana haki ta tasa shi gaba sai asibiti. Suna isa ya ce zai kewaya, ya shiga ban ɗaki ya kwance ɗamarar ya cusa ta a jaka. Likita ta saurari ƙirjinsa, ta sa aka gwada zuciyar, ba ta ga komai ba.

"Baba, akwai abin da ka sauya kwanan nan? Abinci, magani, ko sutura?"

"Babu. Kuma ni ban kai baba ba."

Ya fito da tsoron da ya fi na da. Ciwon da likita ba ta gani ba ai shi ne mugu. Amma da Mai Aski ya ce, "Kai, Tela, ka koma saurayi," sai ya matsar da ƙugiyoyin inci biyu don ɗamarar ta ƙara matsewa.

Washegari bayan ya ci abinci, allura ta faɗi, ya sunkuya zai ɗauka. Numfashi ya ƙi shiga, ido ya yi duhu, sai ga shi a ƙasa. Matarsa ta ƙwala ihu, Mai Aski ya tare mota. A hanya tana riƙe da kansa tana cewa, "Ka yafe mini, Baban yara, ni na jawo." Shi kuwa hannunsa biyu a kan riga, yana tsoron mutuwa, yana tsoron a buɗe.

A asibiti ya ƙi sakin rigar. Nan ne ma'aikaciyar ta sa almakashi. Ta tsarge riga, ta tsaya turus, sannan ta datse ɗamarar. Teɓa ta dawo mazauninta, iska ta shiga har ƙasan huhu.

Da aka sake gwada zuciyar, Likita ta jawo kujera.

"Baba, jikin mutum kamar gidan bene ne. Ɗakin sama ƙirji, zuciya da huhu biyu ke ciki, haƙarƙari ya kewaye su. Ɗakin ƙasa ciki, a nan tumbi yake da hanta da saifa da hanji. Tsakaninsu akwai wata shimfiɗar tsoka mai kama da ƙwarya a kife. In za ka ja numfashi sai ta sauka ƙasa, huhu ya sami wurin buɗewa. Kai ka matse ɗakin ƙasa, kayan ciki suka rasa wurin zuwa, suka tokare ta. Kuma bututun abinci ta cikin tsokar nan ya ratsa ya shiga tumbi. Da ka matse tumbi a cike, ruwan tsamin da ke narka abinci sai ya haura ta nan. Shi ne wutar da kake ji, ƙwannafi. Zuciyarka lafiya lau. Amma ran nan na tambaye ka, ka ce babu."

Matarsa ta ɗauki ɗamarar ta juya ta.

"Wannan ɗinkin na san shi."

"Wani ne ya kawo gyara, nake gwadawa."

"Sati nawa kana gwadawa? Ga shatin ƙugiya goma sha biyu a cikinka. Ni kuwa ina kuka ina neman gafara!"

Tela ya dubi Likita, ya dubi Mai Aski da ke bakin ƙofa ya toshe baki da hula. Ba mafita.

"To, ni na yanka, ni na ɗinka, ni na ɗaura, ni kuma na ɗora miki. Ki yafe mini. Amma wallahi yankan rigar nan a karkace yake."

Darasin da ke nan shi ne, jiki gida ɗaya ne, abin da aka yi wa ɗakin ƙasa na sama zai ji. Ciwon ƙirji ba abin wasa ba ne, a garzaya asibiti, kuma a faɗi gaskiya duka, domin likita da abin da aka gaya masa yake fara aiki. Wanda ya ɓoye laifinsa don kada a yi masa dariya, mai ƙaunarsa ne zai kwana yana kuka, dariyar kuma tana nan tana jiransa.