Hoton Baba Iro da Addu'arsa ta Ƙarshe

Ku gyara zama, wannan ba ta dariya ba ce, kuma idan na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci.

An yi wani tsoho, Baba Iro, wanda tsufa ya cinye wa tunani. Wata rana ya fita da safe bai dawo ba. 'Ya'yansa uku, Tukur da Barira da Lurwanu, suka karaɗe gari. Duk inda suka je sai a ce, "Ina hotonsa?" Hoto ɗaya ne a gidan, na shekarun baya, ambaliya kuma ta wanke rabin fuskar.

Barira ba ta daɗe da fara koyon gyaran hoto a kwamfuta ba, hannunta bai faɗa ba tukuna. Ta san idan ta taɓa fuskar ta ɓata, shi ke nan. Sai ta tuna darasin farko, abin da masu aikin ke kira leya: kamar gilasai ne a ɗora wani kan wani, ka yi zane a na sama, na ƙasa yana nan lafiya. Ta shigar da hoton cikin kwamfuta, ta kulle na asalin a fallen ƙasa. A falle na biyu ta cike inda ruwa ya ci, a na uku ta sa furfura da ramar tsufa. Ta yi kuskure ta goge ba adadi, tana share hawaye.

Da ta gama, Tukur ya duba ya girgiza kai. "Barira, wannan tsoho ne, amma ba Baba ba ne." Shi ke yi wa uban aski tun da hannun tsohon ya fara rawa, ya san kan nan kamar tafin hannunsa. "Buɗe wani fallen. Akwai tabon ƙuna a ƙarƙashin kunnen hagu, girar nan kuma a tsage take." Ta ce, "Yaya, nuna mini daidai wurin." Ya ɗora yatsa, ta zana. Sai ga Baba Iro yana kallonsu.

Lurwanu direba ne. Ya ajiye aikinsa, ya bi tasha-tasha yana manna hoton, ana korarsa yana komawa, har ya ƙetare jiha. A wani ƙauye wata mai ƙosai ta tsura wa tabon da ke hoton ido ta ce, "Ai wannan yana kwance bayan rumfar mahauta, ba wanda ya san sunansa." Lurwanu ya tarar da shi fata da ƙashi, ƙafafu a kumbure. Ya saɓo shi zuwa mota.

Baba Iro bai tashi daga wannan ciwon ba. Bai gane kowa ba, har Barira da ke ba shi kunu. Dab da cikawarsa ya buɗe ido, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Wanda ya nemo ni, Allah ya yi masa albarka duniya da lahira." Bai kama suna ba.

Bayan an kai shi makwanci, Barira ta kasa cire maganar a ranta, ta kuma lura 'yan'uwanta ma haka.

To jama'a, tsakanin wadda ta dawo da fuskar, da wanda ya tuna tabon, da wanda ya ɗauko shi, wa Baba Iro ya sa wa albarka?