Sunan da Inna Kuluwa Ta Ƙi Kira

An ce wai a farkon zamanin da Turawa suka kafa tuta a ƙasar Hausa, a wani gari da ake kira Tsamiyar Bako, an yi wani manomi mai suna Nomau. Mutum ne mai ƙwazo, ba a raba shi da fartanya, kuma duk garin sun shaida yadda yake riƙe da mahaifiyarsa, Inna Kuluwa. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: tun yana yaro yake kishi da mutumin da bai taɓa gani ba.

Mutumin nan wansa ne, Ilu, ɗan farin Inna Kuluwa. Kafin a haifi Nomau, mahara suka faɗa wa gonakin garin da kaka, suka tarar da Ilu yana korar tsuntsaye a gonar gero, suka ɗora shi a kan raƙumi suka yi arewa da shi. Uban ya bi sawu har Damagaram ya dawo hannu wofi, bai daɗe ba bayan haihuwar Nomau ya rasu.

Inna Kuluwa ba ta taɓa ambatar sunan yaron ba, kuma babu wanda ya yi mamaki, domin a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta kallon fuskarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an yi mata zancensa sai ta sunkuyar da kai. Kunyar ɗan fari ke nan. Amma kowace shekara in an cire auduga, sai ta kaɗa zare, ta kai wa masaƙi, a ɗinka riga, ta ninke ta sa a adudu. Rigar bana kuwa takan ɗara ta bara faɗi, kamar tana ganin mai ita yana girma a wani wuri. Nomau ne ke noma audugar, kuma ya san ba shi ake ɗinka wa ba.

Kishi da wanda ba ya nan abu ne mai wahala, domin wanda ba ya nan ba ya laifi. Nomau in ya makara zuwa gona a yi masa faɗa, Ilu kuwa bai taɓa makara ba. Daga safe har yamma muryar tsohuwa na kansa: "Nomau, randa ba ruwa. Nomau, akuya ta shiga rumbu. Nomau, yaushe za ka gyara dangar nan?" Shi kuwa yana yi yana cizon haƙora, yana cewa a ransa, aiki nawa, riga ta wani.

Ana nan, har furfura ta fara fito wa Nomau, sai wata rana da hantsi wani baƙo ya yi sallama a ƙofar gidansu. Dogo ne, ramamme, kafaɗunsa sun yi kanta irin ta wanda ya shekara yana jan guga, Hausarsa ta cuɗe da Larabci har sai an kasa kunne. Ya ce an sayar da shi daga hannu zuwa hannu, daga Agadas zuwa Gat, har ya ƙare a wata gonar dabino kusa da Tarabulus, inda aka sa masa suna Mabaruku. Da ubangijinsa ya mutu, kuma cinikin bayi ya karye, ya biyo ayari ya gangaro. Ya nuna tsagen fuskarsa, ya ambaci sunan rijiyar garin da na tsamiyarsa, ya ce sunan da aka raɗa masa Ilu ne, kuma nan ne gidansu.

Inna Kuluwa mace ce mai son baƙi, ko mai tallan gishiri ya tsaya sai ta ba shi ruwa ta tambayi sunansa da na garinsu. Da ta ji sallama ta fito da ƙwarya kamar yadda ta saba. Kallo ɗaya ta yi wa baƙon. Ruwan ya zuba a kan ƙafarta, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta koma ɗaki. Nomau na tsaye yana gani, kuma a wannan lokacin ya san gaskiya sarai. Ya ji wani ɗaci ya taso masa, domin ya tuna cewa shi ba ta taɓa jin kunyarsa ba ko sau ɗaya.

Ya dubi baƙon ya ce, "Malam, mun gode da labari, amma tsagen fuska kowa na iya samu, sunan rijiya da na tsamiya kuwa duk fatake sun sani. Wana ya mutu tun kafin in zo duniya. Ka nemi masauki a masallaci."

Tsofaffin da suka san Ilu yana yaro yunwa da shekaru sun tafi da su. Shaida ɗaya ta rage, uwar, kuma Nomau ya san ko za a yanka ta ba za ta buɗe baki a gaban maza ta ce wannan ɗan farinta ne ba. Ya kuma san cewa in ya kai maganar wajen alƙalin garin, Malam Sambo, to ya kai ta inda ake gane shirun tsohuwa. Sai ya jira Baturen mulki ya zo rangadi, ya je ya faɗi gabansa ya ce wani yasasshen bawa ya zo zai cinye masa gado da ƙarya. Ba gonar ce ta dame shi ba, ku sani. Da gona ce kawai, da ya yanka masa rabi ya huta.

Baturen nan kuwa yana alfahari da cewa su ne suka raba baƙar fata da bauta, ko da yake a ranar ma yana ɗibar samarin garin zuwa aikin hanya ba lada. Ya zauna a kan kujerarsa a ƙofar fada, alƙali a gefensa, jama'a sun kewaye. Ya sa aka kawo tsohuwa, ya ce da tafinta ya tambaye ta ko wannan ɗanta ne. Inna Kuluwa ta juya baya ta fuskanci bango. Aka sake tambaya, ta ƙara jan mayafi.

Bature ya ce, "Magana ta ƙare. A ƙasarmu uwar da ta ga ɗanta bayan wannan rabuwa, sai an ɓamɓare ta daga wuyansa. Ko da yake an gaya mini mutanen nan ba su damu da 'ya'yansu kamar mu ba, shi ya sa sayar da su bai yi musu wuya ba, amma ko haka ne ai da ta dube shi. A kore shi daga garin. Tun da zancen gado ne, alƙali ya tabbatar."

Tafinta ya fassara yana kallon ƙasa. Nomau ya ji daɗi, amma daɗin bai sauka cikinsa ba, domin ya hangi kafaɗun mahaifiyarsa suna rawa.

Malam Sambo ya shafa gemu yana auna maganar. In ya ƙaryata Bature a bainar jama'a, rawaninsa ya tafi, kuma wanda za a naɗa bayansa zai kori baƙon. In ya tabbatar, ya sake sayar da mutum karo na biyu daga ƙofar gidan ubansa. In kuwa ya tilasta wa tsohuwa ta yi magana, ya tozarta ta a gaban 'ya'yan cikinta. Can sai ya ɗaga kai ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da idonka ya gani shi za mu bi. Sai dai ba ma sallamar baƙo da ƙishirwa, ko da maƙaryaci ne. A bari babbar cikinmu ta shayar da mu, sa'an nan in yanke."

Aka kawo tulu da ƙwarya. Kafin a fara, alƙali ya juya wajen Nomau kamar mai hira ya ce, "Nomau, an ce tsohuwar nan taka ba ta ƙyamar baƙo. Haka ne?"

Nomau, da yake ba ya son a rage darajar gidansu, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tun da nake ban taɓa ganin baƙon da Inna ta bari bai sha ruwa ba. Sai ta san sunansa ma take barinsa ya tafi."

"In kuma macuci ne?"

"Ai macuci ya shiga uku. Ta taɓa bin wani mai awon ƙarya har bakin kasuwa tana kiran sunansa da na ubansa."

Alƙali ya ce, "Madalla. Inna, don Allah ki shayar da mu, ki kira kowa da sunansa domin mu sami albarkar bakinki."

Tsohuwa ta tashi ta ɗebi ruwa. Ta ce da alƙali, "Sambo, ungo," domin ta san shi tun yana rarrafe, jama'a suka yi dariya. Ta ba dogari, ta kira sunansa. Ta ba tafinta, wanda baƙo ne daga wata ƙasa, ta tambayi sunansa ta maimaita. Ta je gaban Bature ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Bature, kai ma sha, ranar nan ta dafa ka." Ta ce, "Nomau, karɓi, kada ka zubar." Saura mutum ɗaya.

Ta cika ƙwaryar har baki, fiye da ta kowa. Ta taka zuwa kusa da shi, fuskarta na kallon wani gefe, ta tsaya. Alƙali ya ce a hankali, "Inna, ya ce can ana kiransa Mabaruku, nan kuma Ilu. Zaɓi ɗaya ki kira shi." Leɓɓanta suka motsa, murya ba ta fito ba. Sai ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Nomau, miƙa wa wancan."

Matan da ke bayan taro suka fara share hawaye, domin kowacensu tana da wani "wancan" a gidanta.

Alƙali ya ce, "Nomau, da bakinka ka shaida cewa baƙo tana tambayar sunansa, macuci kuwa tana kiran sunansa har da na ubansa. Wannan ba ta tambaya ba, ba ta zaga ba. To gaya wa taron nan, tun da aka haife ka, mutum nawa ne a duniya mahaifiyarka ba ta iya kiran sunansa?"

Nomau ya nemi ƙaryar da zai yi ya rasa. Ya ce, "Ɗaya ne."

Alƙali ya juya wajen Bature ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ka fara ganin ta juya baya, kuma a kan abin da ka gani na gina hukunci. A ƙasarku uwa takan rungume, a nan takan kau da kai, kuma ɗa ɗaya kaɗai take yi wa haka. Matar nan ba sayar da ɗanta ta yi ba, ƙwace shi aka yi, kuma ba ta daina jiransa ba. Wannan Ilu ne, ɗan gidan, yana da rabonsa a gadon ubansa." Bature ya ga an bar masa ƙofar fita, sai ya gyaɗa kai kamar daman abin da yake nufi ke nan.

Nomau kuwa abin da ya daɗe yana dannewa ya ɓalle. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni na noma, ni na ciyar, ni na yi jinya. Riguna suna nan cike da adudu, ko ɗaya ba tawa ba. Shi da bai tsinana mata komai ba, shi ne a zuciyarta."

Malam Sambo ya dube shi, ba da fushi ba, ya ce, "Riguna dai ka ƙirga. Mutumin nan yana yaro bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba, kunya ta hana. Ya girma a inda aka ƙwace masa sunan gaba ɗaya. Ya ratso hamada ya dawo, kuma har ta koma ga Allah ba zai ji ta kira shi ba. Kai kuwa daga asuba zuwa faɗuwar rana sunanka take kira, har ya gundure ka. Ko yanzu da ta rasa yadda za ta yi, wa ta kira? Ta ɗinka masa riga ne don ba ta da abin da za ta ba shi sai riga. Ga ruwa can a ƙasa, an aike ka."

Nomau ya dubi ƙwaryar. Sa'an nan ya sunkuya ya ɗauka da hannu biyu, ya je ya durƙusa gaban mutumin da ya ƙi tun kafin ya gan shi, ya ce, "Yaya, sha." Ilu ya karɓa, ya shanye bai rage ba.

Ba zan ce muku kishin ya mutu a ranar ba, domin abin da ya girma tare da mutum ba ya fita da zama ɗaya. Ran Juma'a da Ilu ya fito da sabuwar riga daga adudu, Nomau ya ji tsohon ɗacin nan ya motsa. Sai ya ji murya daga cikin gida: "Nomau, randa ba ruwa." Ya hangi wansa a zaure ya tsaya cak yana saurare, irin sauraren mai yunwa a ƙofar gidan da ake tuwo. Nomau ya amsa da ƙarfi, ya ɗauki tulu.

Shi ya sa masu ba da wannan labari suke rufe shi da cewa: wanda bai san kunyar mutane ba, kada ya yanke hukunci a kan ƙaunarsu, wanda kuma ya kafa ido a kan rabon ɗan'uwansa, nasa rabon yakan wuni yana kiransa da suna bai ji ba.